Jinjina ga Mai Kibiya, Wadda Ba Ta Shiga Sai An Ce Ta Shigo

Ƙarfe bakwai da rabi na safe take isa wurin aiki, kafin mai shara ya gama da matakala. Ɗakinta yana can ƙarshen bene na biyu, bayan ɗakin ajiyar takardu. Ba shi da taga. Tebur biyu ne a ciki, da fanka mai kuka, da wayoyi da suka cukuikuye a ƙasa har ba wanda ya san farkonsu. Takan ajiye jaka, ta goge gilashinta da gefen mayafi, ta zuba ruwan zafi a kofi, sannan ta maƙala abin magana a kunne ta kunna kwamfuta. Abin da ke fara fitowa a allonta jeri ne na kwamfutocin mutane ɗari da wani abu, kowace da ɗan ɗigo a gefenta. In ɗigon kore ne, kwamfutar tana kunne. In ya yi toka-toka, mai ita bai fito ba tukuna. Sai ta bi jerin nan da ido tun daga sama har ƙasa kafin ta kurɓi ruwan zafinta.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Kamfaninsu yana kula da kwamfutocin ƙananan wurare, irin su makarantu da kantunan magani da shagunan buga takardu, har da na wasu tsofaffi a gidajensu. In taka ta rikice, ba sai ka kinkime ta ka kai gyara ba. Akwai manhajar da suke sa maka, wadda ke ba ta damar ganin allonka daga inda take zaune, ta kuma motsa 'yar kibiyar nan taka sai ka ce hannunta ne a kan linzaminka. Kana zaune, hannunka a aljihu, ka ga kibiya ta tashi tana yawo, ta buɗe nan, ta rufe can, abin da ya hana ka sakat tun safe ya warware. Shi ya sa muke ce mata Mai Kibiya. Yawancinmu ba mu san fuskarta ba, murya da kibiya kawai muka sani.

Ni mai wannan rubutu sakataren wata makaranta ne, kuma ba na ɓoyewa, mutum ne ni mai saurin hawa. Shekara goma sha ɗaya ina kiranta, kuma wallahi ba na jin na taɓa kiranta cikin daɗin rai. Kullum sai abu ya ɓaci: firinta ta ƙi magana ana gobe raba sakamako, ko fayil ya yi ɓatan dabo shugaban makaranta yana tsaye a kaina. Sai in ɗauki waya ina huci. Ita kuwa cikin ruwan sanyi za ta ce, "Malam, ina kwana tukuna." In amsa a daƙile. Ta ce, "To, rufe abin da ba ka so in gani. Ka rufe? In shigo?"

Wannan "in shigo?" ɗin ita ce alamarta. Ko da manhajar ta riga ta buɗe mata hanya, ba ta taɓa linzami sai ta ji da kunnenta an ce "shigo". Wata rana na ce mata, "Haba baiwar Allah, gida na cin wuta kina ƙwanƙwasa ƙofa!" Ta yi dariya ta ce, "Malam, wutar ba ta kai haka ba. In shigo?" Dole na ce shigo.

Mai kantin maganin da ke kusa da mu ya ba ni labarin ranar da ya manta bai rufe jerin masu karɓar magani ba, sunaye da irin cutar kowa duk a fili. Ya ce kibiyar na shigowa sai ta tsaya cak, ta koma can lungun allo ta lafe, muryar ta ce, "Akwai abin da ka bari a buɗe, na kawar da kai, rufe shi." Wata mata kuma da mijinta ya rasu ya bar hotunan 'ya'yansu a kwamfutar da ta ƙi buɗewa, ta ce yini guda Mai Kibiya ta yi a kai. Da hotunan suka dawo, ba ta buɗe ko ɗaya ba. Cewa ta yi, "Ga su nan a wannan jakar, 'yar'uwa. Zan fita, ki kalla ke kaɗai." In ta gama aiki kuwa, takan mayar da komai inda ta same shi, har kibiyar sai ta ajiye maka ita daidai wurin da ka bar ta, sannan ta ce, "Na fita."

Ke ce wadda kika riƙe mabuɗan gidaje ɗari ba ki taɓa leƙa ɗakin da ba a kira ki ba. Ke ce muka yi ta sauke wa haushin injin da ba ke kika ƙera ba, kika shanye, washegari kika sake gaishe mu. Da iyakar labarin ke nan, da na rufe da addu'a na ajiye alƙalami. Amma da na ce mata zan yi rubutu a kanta, sai ta ce, "In za ka rubuta, ka rubuta har da awa biyar ɗin. In ba haka ba ka bari." To, ga awa biyar ɗin.

Cikin jerin nan nata akwai kwamfutar wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa, da ke zaune shi kaɗai a wani gari mai nisan awa biyu a mota. Matarsa ta rasu, ɗansa guda kuma yana aiki a wata ƙasa mai nisa. Ɗan ne ya saya masa kwamfutar, ya yi masa rajista da kamfanin, ya kuma sa aka buɗe hanyar dindindin, wato Mai Kibiya tana iya shiga kowane lokaci ba sai an danna mata komai ba. Ya ce mata, "Baba ba ya iya danne-dannen nan. Ki shiga duk sanda kika ga dama."

Ranar da ta fara shiga, dattijon ya ga kibiya tana tafiya ba hannun kowa, sai ta ji ƙarar kujera ta faɗi. Ya dawo kan waya yana haki ya ce, "Ke! Mutum ce ke ko kuwa?" Ta ce, "Mutum ce, Baba, har da ciwon gwiwa." Ya yi dariya har da tari. Da dariyar ta lafa sai muryarsa ta canza. Ya ce, "'Yata, ki saurare ni. Tun da uwar yaron nan ta rasu kowa ke faɗo mini ɗaki, wai ana duba ni. Wannan ya ɗaga mini katifa, wancan ya buɗe mini tukunya. Abin nan shi kaɗai ya rage nawa. Ki yi mini alkawari ba za ki shigo ba sai na ce ki shigo." Ta ce, "Na yi, Baba." A wurinta ba wani abu ne sabo ba, abin da take yi wa kowa ne.

Daga nan ya zama kowace Talata, ƙarfe goma daidai, wayarta za ta yi ƙara. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa jirgi ba ya wasa da agogo, abokin aikinta da ke ɗaya teburin har saita nasa yake yi da kiran. Kullum kuma da ƙorafi. Yau haruffa sun ƙanƙance, mako mai zuwa littafinsa ya ɓace. Littafin tarihin aikinsa ne yake rubutawa da yatsa biyu, tasha bayan tasha. Ba a yi wata uku ba ta gane cewa shi da kansa yake jan fayil ɗin ya cusa a wata jaka don ya sami dalilin kira. Ba ta taɓa nuna ta gane ba. Sai ta yi ta yawo da kibiya tana cewa, "Kai, Baba, wannan karon ya ɓuya da nisa," shi kuwa yana ba ta labarin wata gada da ruwa ya taɓa cinyewa a gabansa. Haka suka yi shekara huɗu.

Sai wata Talata ƙarfe goma ta buga, waya ba ta yi ƙara ba.

Ta dubi jerin. Ɗigonsa kore ne, kwamfutar tana kunne. Goma da kwata ta kira wayarsa, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta ce wa ranta ƙila ya fita sayen wani abu, ko wani baƙo ya tsare shi da surutu. Amma ta san ba ya barin kwamfuta a kunne ya fita, mutum ne mai kashe fitila in zai shiga banɗaki. Sha ɗaya ta sake kira. Ta kira ɗan, ba a ɗauka ba, can ƙasar lokacinsu daban ne. Ba ta da lambar wani maƙwabci, adireshi kawai ke cikin fayil.

Abokin aikinta ya lura ruwan zafinta ya huce ba ta taɓa ba. Ya ce, "Yaya, kina da mabuɗi fa. Ki leƙa mana." Ta ce, "Na yi masa alkawari." Ya ce, "Leƙawa kawai." Ta ce, "Ai leƙawar ce ya hana." Ta ɗora hannu a kan linzami, ta kai kibiya kan sunan kwamfutarsa, ta janye. Ta gyara wa wani shago firinta, ta dawo ta sake kallon koren ɗigon. Abin da ke cin ranta shi ne, in ta shiga ta tarar yana rubuta wani abu na sirri, ko lafiyarsa ƙalau barci ne ya ɗauke shi, to ta zama ɗaya daga cikin masu ɗaga masa katifa. Da wannan tunanin ta kai azahar, da shi ta wuce ƙarfe biyu. Ƙarfe uku ta ce, "Allah ka yafe mini," ta danna.

Littafinsa ne a buɗe. Kamar yadda ya saba tun zamanin aiki, ya fara da rubuta rana da lokaci: Talata, goma saura minti goma. Ƙarƙashinsa layi guda lafiyayye game da wata tasha. Layi na biyu ya fara daidai, sai haruffan suka rikice suka hau juna. Daga nan har ƙasan shafin kalma ɗaya ce, wani wuri cikakkiya, wani wuri da harafi a ɓace. Shigo. Shigo yata. Shgo. Shigo.

Ta ce ba ta san sanda ta miƙe tsaye ba. Ta kunna sautin manhajar ta ce, "Baba! Na shigo, Baba! In kana ji na danna kowane harafi." Aka ɗan jima, sai harafi ɗaya ya fito, ya yi ta maimaita kansa har ya cika layi. Da ɗaya hannun ta kira motar asibiti ta garinsu ta karanta musu adireshi, ta ci gaba da yi masa magana har ta ji ana dukan ƙofa ta cikin na'urar. Wata tela maƙwabciyarsa ce ta taimaka aka ɓalle ƙofar. Sun same shi rabin jikinsa a ƙasa rabi a jingine da kujera, hannun hagu a kan madannai. Shanyewar jiki ce ta same shi, ta ɗauke masa ɓarin dama da magana. Wayarsa tana can kan kabad a caji, taku huɗu daga inda ya faɗi.

Ya rayu. Amma likita ya gaya wa ɗan cewa irin wannan ciwon da awoyin farko ake kama shi, da an kawo shi da safe da wataƙila ya tashi da ƙafarsa da bakinsa. Ɗan ya kira ta. Ba zan maimaita duk abin da ya faɗa ba, mutum ne da ke cikin zafin ciwon uba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, "Na ba ki mabuɗi! Don me na ba ki mabuɗi?" Ya kai ƙara wurin manaja, manaja ya duba ya ce ba ta karya wata doka ba, hasali ma ta bi ƙa'ida fiye da yadda aka nema. Ta ce mini wannan wankewar ta fi zagin ciwo. Maigidanta ya ce makonni ta yi tana ajiye cokali bayan loma biyu, in ya yi magana ta ce ba ta jin yunwa.

Wani a matsayinta da ya roƙi a mayar da dattijon hannun wani ma'aikaci. Ita ba ta yi haka ba. Da aka sallamo shi bayan wata biyu, telar nan ta kunna masa kwamfuta ranar Talata, ƙarfe goma Mai Kibiya ta kira wayar da telar ta ajiye masa a buɗe, ta ce, "Baba, ni ce. In shigo? In ka yarda danna harafi ɗaya, zan ji ƙararsa ta waya." Ya danna. Ta ƙara masa girman haruffa, ta saita madannai yadda hannu ɗaya zai wadatar, ta sa masa manhajar da ke karanta abin da ya rubuta da murya, don ya iya kiran telar ko ya nemi ruwa. Muryar injin ba ta iya harshenmu sosai, tana karya kalmomi kamar baƙon da ya kwana biyu a gari, amma ana ganewa. Suka koma kan littafi. Abin da a da yake rubutawa a wuni, yanzu sai ya yi wata. Shekara uku suna haka, kuma a cikin shekara ukun nan ko sau ɗaya ba wanda ya ambaci waccan Talatar. Ita tana tsoron tambaya, shi kuma ba ta san abin da ke ransa ba.

Abu ɗaya ta canza. Ta je wurin manaja ta sa aka ƙara tambaya a takardar rajistar duk wanda ke zaune shi kaɗai: in mun kira ba ka ɗauka ba, mu shigo? Wa za mu kira a kusa da kai? Ta bi tsofaffin da ke jerinta ɗaya bayan ɗaya ta yi musu tambayar da bakinta. Ba ta daina cewa "in shigo?" ba, ta dai koyi neman izinin ranar wahala tun ana lafiya.

Ana cikin haka idanunta suka fara ja da baya. Hawan jinin ido ne, irin wanda ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Ta ƙara girman komai a allonta, har kibiyarta ta kai tafin hannu. Abokin aikinta ya riƙa karanta mata ƙananan rubutu ba tare da ya bari kowa ya sani ba. Ranar da ta rufe wa mai kantin magani shafin da bai ajiye ba, don ba ta ga gefen allon ba, ba wanda ya kai ƙara. Ita ta hau sama da ƙafarta ta ce wa manaja lokaci ya yi. Ta ce wanda ba ya ganin inda yake taka ƙafa bai kamata ya shiga ɗakin mutane ba.

Ranar aikinta ta ƙarshe ta faɗo Talata. A kamfanin, duk wanda zai bar aiki, ƙarfe goma sha biyu na rana na'ura ke rufe masa hanya da kanta. Ta san haka sarai, don ita ta tsara dokar shekarun baya. Ƙarfe goma ta shiga wurin dattijon da niyyar yau sai ta yi maganar. Sai ta ɓige da gabatar masa da abokin aikinta wanda zai gaje ta. Ta gyara haruffan da ba su lalace ba. Ta tambaye shi labarin gadar da ta ji sau ashirin. Sai da sha biyu saura kwata, abokin aikin ya tashi ya ba ta wuri, sannan ta ce, "Baba, ranar nan. Tun goma na ga ɗigonka kore. Ina da mabuɗi a hannuna. Ban shigo ba sai uku. Ka yafe mini."

Can haruffa suka fara fitowa, ɗaya, a jima, ɗaya. Ta matsa fuskarta har hancinta ya kusa taɓa allo. Ya rubuta: Kin makara awa biyar. Na ƙirga su a agogon bango. Ya sauka layi na gaba, ya rubuta harafi biyu, sai allon ya yi fari, wani ɗan akwati ya fito yana cewa an rufe wannan hanya.

Abokin aikinta ya dawo ya same ta zaune hannu a cinya. Da ya ji abin da ya faru ya ce, "Yaya, ai yanzu ni ke da mabuɗinsa. Bari in shiga in karanta miki sauran." Ta ce, "Ba kai ya rubuta wa ba." Ya ce to a roƙi manaja ya buɗe mata na minti goma. Ta girgiza kai, ta cire abin maganar daga kunne ta naɗe wayarsa tsaf, ta ajiye a aljihun tebur. Haka shekara ashirin da shida na aiki suka ƙare, da kofi a jaka da rabin amsa.

Cikin makon ta bi tsofaffin abokan hulɗarta da waya tana sallama. Da ta zo kaina, kunya ta kama ni, na tuna duk ihun da na yi mata. Na ce, "Hajiya, in akwai abin da zan iya yi miki, don Allah ki faɗa." Irin maganar da ake yi ne ba a sa ran amsa. Sai na ji ta ce, "Malam, kana da mota?"

Talata da sassafe na ɗauke su ita da maigidanta. Ranar na fara ganin fuskarta: mace ce gajera, mai furfura a goshi, da gilashi mai kauri, tana riƙe da gwiwar hannun mijinta. A hanya ta ba ni duk labarin nan, maigidan yana cika inda ta tsallake. Ya ce kwana bakwai ke nan tana maimaita "awa biyar" ko a kan sallaya. Na ce, "In kuma abin da ya rage a shafin ya fi na farkon zafi fa?" Ta ce, "Nawa ne ai. Gara in ji."

Mun isa goma saura. Gida ne ƙarami a bayan shagon telar, ƙofar ɗakin har yanzu da tabon inda aka ɓalle ta. Telar ta fito da zare a wuya, ta rungume ta tana cewa, "Ashe ke ce! Ku shiga mana, a buɗe take, na gaya masa kun iso." Mai Kibiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi motsi. Ta tambayi mijinta ƙarfe nawa, ya ce saura minti biyu. Muka tsaya cirko-cirko har minti biyun suka cika. Sannan ta ɗaga murya, muryar nan da na sani, ta ce, "Baba, ni ce. In shigo?"

Muka ji ƙarar madannai a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sai muryar injin nan mai karya harshe ta fito daga cikin ɗakin ta ce, "Shigo, 'yata."

Yana zaune a kujera mai taya, bargo a gwiwa, agogon bango a saitin kansa. Ta matsa kusa tana juya kai a hankali, don ganinta ya zama kamar na mai leƙe ta bututu, sai ta bi fuskar kaɗan-kaɗan. Ta ce, "Ashe kai ɗan ƙarami ne haka, Baba. Na zaci ƙato ne." Ya danna, injin ya ce, "Ke ma ashe tsohuwa ce." Muka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Sannan ya kai hannun hagu ya buɗe wani shafi. Telar ta raɗa mini cewa mako guda ya yi yana rubuta shi, kuma ya hana sabon ma'aikacin shiga har sai mai shi ta ji. Ya danna, injin ya karanta:

"Kin makara awa biyar. Na ƙirga su a agogon bango. A cikin awa biyar ɗin na kira ki, na yi fushi da ke, na kuma san dalilin da ya hana ki, don ni na ɗaura miki shi. Shekara talatin da huɗu ban taɓa wuce jar fitila ba, ko da ina ganin hanya fayau. Da kin shigo da goma, da yau ina tafiya da ƙafata. Da kin kasance mai shigowa ba izini, da ban yi shekara bakwai ina ba ki labarina ba. Duka biyun gaskiya ne, na kasa raba su. Ranar nan mutum ɗaya ne a duniya ya san goma ta wuce ban yi magana ba, ke ce. Na yafe tun ina kwance a ƙasa. Ke ki yafe mini alkawarin da na ɗora miki."

Ta durƙusa a gaban kujerar ta kifa kai a kan bargon, ta yi kukan da maigidanta ya ce shekara uku yana jiran ta yi shi. Dattijon kuwa hawaye ne kawai ke bin ɓarin fuskarsa da ba ya motsi. Ni da nake taƙama da taurin rai, fita na yi na tsaya wajen keken ɗinkin telar ina share ido da hula.

Yafiyar ba ta mayar masa da ƙafa ba, ba ta mayar mata da ido ba. Likita ya ce abin da ya rage na ganinta ba zai daɗe ba, littafin kuma saura tasha shida, ba wanda ya san ko zai kai ƙarshe. Ban rubuta wannan don in ce komai ya yi daidai ba, bai yi ba.

Na rubuta ne don in ce mun gode. Mai Kibiya, ke ce kika nuna mana ana iya riƙe sirrin mutane shekara ashirin da shida ba a zubar da ko ɗigo ba. Ke ce da amanarki ta jawo hasara ba ki ɓoye ba, ba ki kuma yar da amanar ba, kika koma wurin wanda abin ya shafa kowane mako kina kallon abin da jinkirinki ya bari. Allah ya saka miki, ya sanyaya miki zuciya, ya sa abin da idanunki suka ƙi kalla ya zame miki haske. Ni kuma ki yafe mini ihun shekara goma sha ɗaya.

Ku kuma da kuke zaune yau a irin kujerarta, da mabuɗan kwamfutocin mutane a hannunku, ku nemi izini kafin ku shiga, ku kawar da kai daga abin da ba a kira ku dominsa ba, ku kuma tambayi mai zama shi kaɗai tun yana lafiya abin da za ku yi ranar da ya yi shiru. Mu da muke kira muna huci, mu riƙa amsa gaisuwa tukuna.

Da za mu taho, dattijon ya danna injin ya ce littafinsa ya sake ɓacewa, ko za ta zo mako mai zuwa ta nema masa. Ta ce, "Baba, ai yanzu ba na gani." Injin ya ce, "Ni zan nuna miki inda na ɓoye shi." Na riga na nemi izini a makaranta. Talata ƙarfe bakwai zan ɗauke su, kuma ta ja mini kunne sau biyu kada in makara.